Ladabin Cin Tsire a Gidan Kallo

A titin Portobello na birnin Landan akwai tsohuwar sinima mai suna Electric. Tun 1911 take, aka gyara ta aka zuba kujerun kushin, mutum na kallo yana cin abincinsa. Abin ya yi kyau, amma ba baƙonmu ba ne. Dattawan da suka san Rex, wadda aka buɗe a Kano a 1937, da Palace ta cikin birni, za su gaya maka mai tsire da mai rake sun daɗe da kafa sansani a ƙofar sinima. Mu a Awe gidan kallo ne sinimarmu: benci, rufin kwano, janareto a baya. To, ɗan'uwa, ga ladabin ci a cikinsa.

Da farko, san muryar abincinka. Tsire mai kunya ne, ana cinsa shiru. Rake kuwa maroƙi ne. In ka shigo da shi, jira sai an fara dambe tsakanin jarumi da bos, sannan ka gatsa. Kowa zai ɗauka ƙarar naushi ce.

Na biyu, bandar kifin Tunga a ci ta tun ana ganin tafin hannu. Ƙaya ba ruwanta da cewa an sace amarya a fim, maƙogwaronka kawai ta sani.

Na uku, kada ka kwance ƙullin yaji a gaban fanka. Saurayin fim ya shafe awa biyu yana neman bakin da zai ce yana so, ba daidai ba ne ya faɗa benci uku na atishawa.

Na huɗu, ɗan Awe ba ya roƙon gishiri. Iyayenmu mata sun gaji dafa shi kaka da kakanni, har fatake na zuwa saye daga nesa. Ƙulla ɗan kaɗan a aljihu. Soyayyar doyar da ta ji shi ba ta neman miya.

Na biyar, in fim ɗin Indiya ne, lokacin waƙa shi ne lokacin loma. Kafin su gama zagaye bishiya su sauya kaya sau uku, ka cinye, ka kora da kunun aya, ka goge hannu.

Na shida, akwai wanda ya riga ya kalla, bakinsa na ƙaiƙayi ya faɗi ƙarshe. Kada ka yi masa faɗa. Miƙa masa tsoka mai jijiya. Kafin ya gama tauna an gama fim.

Na bakwai, in man janareto ya ƙare ka ji hannu cikin takardar tsirenka, kada ka yi ihu. Ka manta ne ba ka yi tayi ba. Tun farko ka juya dama da hagu ka ce, "Yaya, bisimilla. Malam, sa hannu." In an tashi kuma, kwashe ɓawon gyaɗarka, domin mai shara ma ɗan wani ne.

Yau kowa na da fim a wayarsa, yana kallo shi kaɗai a ɗaki. Amma waya ba ta ce maka bisimilla, ba ta taya ka salati in mota ta faɗa rami. Saboda haka daren Juma'ar nan, sayi tsinke biyu: ɗaya naka, ɗaya na wanda Allah ya zaunar kusa da kai.