Masu babur a hawan Mambila

Daga Serti zuwa Mayo Selbe kowa gwanin tuƙi ne. Bayan nan ne kwalta ke miƙewa sama, tana kewaya dutse kwana bayan kwana, har ta kai mutum doron tsaunin Mambila a Jihar Taraba, mai tsayin kimanin mita 1,600. Cikin masu zuwa yawon ƙarshen mako a kan babur, wanda duk ya ɓoye halinsa a Jalingo, a wannan hawa zai fito da shi.

Mai kayan yaƙi shi ake fara gani. Ya taso daga Abuja a kan BMW, da hular kwano mai kyamara, da rigar fata, da safar hannun da kuɗinta zai sayi tunkiya. Inda hanya ke kwance ba mai ganin ƙeyarsa. Amma da an shiga Hawan Biyu da Sisi, ya leƙa gefe ya ga ramin da ba a hango ƙarshensa, sai ya tuna ashe taya na bukatar dubawa. Ya sauka, ya daddanna ta, ya ce da sauran: "Ku yi gaba, ina nan tafe."

Sai wanda bai yarda akwai sanyi a Najeriya ba. An ce ya ɗauko rigar sanyi, ya ce shi da ya sha hunturun Kano me zai gani. Ga shi cikin shadda mai sitati da takalmi sau-ciki. Kafin a kai Nguroje hazo ya rufe hanya, iska na kaɗa itatuwan turare, haƙoransa na karo da juna. A teburin mai shayi za a same shi ya rungume kofi da hannu biyu, yana tambaya a hankali ko akwai 'yan gwanjo a kusa.

Mai hoto kuwa, tafiyar awa ɗaya yakan mai da ta uku. Ya ga shanu a kan koren tudu, a tsaya. Ya ga gonar shayi ta Kakara, a tsaya, kuma a sake, wai hularsa ta karkace.

Malamin tarihi ya fi shi wahalarwa, don shi gaskiya yake faɗa, sai dai ba ya zaɓen lokaci. Ana fama da kwana mai tsini yake matsowa ya ɗaga murya: yankin nan ta ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ya shigo Najeriya, shi ya sa ƙaramar hukumar ke amsa sunan Sardauna; Chappal Waddi kuwa, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar, mita 2,419 ne. Da babur ɗin wani ya fara nishi, shi ne mai bayanin cewa iskar sama ba ta da kauri, inji ba ya samun abin da zai ƙona mai sosai. Duk haka ne. Amma mai turin babur ba lacca yake nema ba.

A saukowa ake gane mai tsumulmula. Shi ne ke kashe inji ya saki babur a firi, don ya tsira da man da bai cika gwangwanin madara ba. Da babur a firi ba giyar da za ta riƙe shi, nauyin duka ya koma kan birki. Birki ya yi zafi, ya fara ƙauri, daga nan a matsa ya ƙi ci. Direbobin hanyar a giya ta ɗaya ko ta biyu suke gangarowa, shi kuwa salati yake da ƙarfi, ƙafafu biyu na jan ƙasa.

Ana cikin haka wani zai danna hon daga baya. Ɗan acaɓan Gembu ne a kan Bajaj Boxer, da buhun masara biyu, da fasinja a saman buhun, fasinjan na riƙe da kaza. Silifa ne a ƙafarsa. Ya ratsa tsakanin BMW da mai hoto, ya kauce wa ramin da ya sani tun bara, ya ce musu "Sannunku da hanya," ya sha kwana. Sauri yake ya sauke kaya ya dawo ɗaukar wani kafin la'asar.