Allah Ya Ja Zamanin Bluebook

Ranka ya daɗe Bluebook, littafin dokokin ambaton madogara, sarkin aya da waƙafi, mai mulkin ƙasan shafi a makarantun lauyoyin Amurka! A 1926 ka fito da shafi 26 kacal, ɗan siriri abin tausayi. Da arziki ya zauna, bugunka na 19 ya kai shafi 511. Ko wanda ya ci zaɓe bai yi ƙiba irin wannan ba.

Madalla da iyayen gidanka, mujallun shari'a na jami'o'in Harvard da Yale da Columbia da Pennsylvania. Su ne suka gano abin da ɗalibin lauya ya fi buƙata. Ga yaro mai kaifin basira ya shigo da burin kare wanda aka zalunta, sai ka zaunar da shi ya kwana yana duba ayar da ke bayan “Id.”, ko an karkatar da ita ko tana tsaye. A “See, e.g.,” kuwa, waƙafin farko a karkace yake, na biyun a miƙe. Wanda ya rikita su ya shiga uku. Mutumin da ke tsare yana jiran lauya ai sai ya ƙara haƙuri, ana gyara masa waƙafi ne.

Masu hassada ba su bar ka ba. Richard Posner ya rubuta maka takardar ban kwana a 1986, ya sake dawowa da ƙorafi a 2011, wai ka cika yawa. Alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ne kawai a Chicago a lokacin, me ya sani game da shari'a? Da Carl Malamud da Christopher Sprigman suka tashi raba wa jama'a dokokinka kyauta, lauyoyin gidanka suka aika da wasiƙun gargaɗi. Daidai ne. Ina talaka ina sanin yadda ake ambaton hukuncin kotu ba tare da ya biya ba? Taurin kai ya sa sai da suka fitar da Indigo Book a 2016.

Ko kwamfuta ta sara maka. Zotero, mai shirya wa masana madogara cikin ƙiftawar ido, ta yi tuntuɓe a ƙofar lauyoyi, har sai da Frank Bennett na Jami'ar Nagoya ya ƙera mata reshe na musamman, Juris-M.

Babbar nasararka ta zo a 2023, a shari'ar wani mai suna Mata da kamfanin jiragen sama na Avianca a New York. Lauyoyi suka miƙa wa kotu hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙago, kowanne da lambar kundi da shafi da shekara, tsaf yadda ka koyar. Babu kotun da ta taɓa yanke su. Alƙali Kevin Castel, da yake bai san darajar tsari ba, sai ya ci su tarar dala 5,000.