Hawan Tsauni a Ƙasar da Ba Ta da Tsauni

Tattakin tsaunuka, wato doguwar tafiyar ƙasa da mutum kan ɗora wa kansa ba tare da an aike shi ba, babbar harka ce a Nepal, inda baƙi ke biyan daloli domin su isa gindin Everest, tsauni mai tsawon mita 8,849, 'yan ƙabilar Sherpa na ɗauke musu kaya. Yankin noman rani na Kura da Bunkure, wanda ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, don haka tsauninsa mafi tsawo shi ne tsibin ɓuntun shinkafa da ke bayan injinan casa. Duk da haka manomin yankin ya cika sharuɗɗan wasan, domin yakan bi gaɓar magudanar ruwa tun asuba da buhun taki mai kilo 50 a ka, shi ne baƙon, shi ne ɗan dakon. Bambancin dai shi ne, wancan yakan koma gida da hotuna, wannan kuwa yakan tarar maƙwabcinsa ya riga ya karkatar da ruwan.