Masu Jiran Ranar da Za Mu Hau Firimiya

Bakura ta ba Zamfara gwamna a 1999, Talata Mafara ta ba da nata a 2011, Maradun kuma a 2019. Garuruwa uku maƙwabtan juna, masu noman rani da ruwan Bakolori, kowanne ya ɗanɗana gidan gwamnati. Abin da har yau ba su samu ba shi ne kulob ɗin da zai buga firimiyar Najeriya. Ita kanta Zamfara United ta Gusau, tun da ta faɗo a 2011 ba ta sake leƙa sama ba. Amma wannan bai rage wa kowa buri ba. Je ka bakin fili da la'asar, ko teburin mai shayi bayan isha'i, ka ji yadda ake shirya wa kulob ɗin gari makoma, kowa da irin tasa.

Mai lissafi shi ne ya fi kowa natsuwa, don haka ya fi kowa haɗari. Yawanci malamin makaranta ne, biro a aljihun gaba, kuma duk kwalin da ya tsinta allo ne. Ya san matakalar a ka: daga gasar jiha a shiga NLO, daga NLO a hau NNL, daga NNL sai firimiya. Kowane mataki ya ba shi shekara ɗaya, ta huɗu kuma jirgi za a hau zuwa Masar a kara da Al Ahly. Idan ka yi murmushi sai ya kawo maka Remo Stars, wadda ta fito daga ƙaramin garin Ikenne na jihar Ogun ta ɗauki kofin firimiya a 2025. "To da mi Ikenne ta hi Mafara?" Ba zai taɓa ambaton cewa Remo na da attajiri, Kunle Soname, wanda ya gina mata fili da makarantar horon yara ba. A cikin kwalin nan akwai maki, akwai yawan ƙwallaye, har da ranar bikin ɗaga kofi. Kuɗin man motar da za ta kai yara wasan waje ne kawai bai samu gurbi ba.

Wannan gurbin mai jiran gwamna ne yake cike shi. A wajensa matsalar ƙwallo guda ce, maganinta ma guda: "Bari namu shi hau." Ka tuna masa cewa namu ya hau har sau uku, sai ya girgiza kai don tausayin jahilcinka: ai ba a kai wa mai girma maganar yadda ta dace ba, na kusa da shi ne suka danne takarda. Kakarsa ita ce gab da zaɓe, lokacin da kofuna ke tsirowa a kowace mazaɓa, a raba jesi mai hoton ɗan takara a ƙirji, hoton ya fi lambar baya girma. Ranar wasan ƙarshe za ka gan shi cikin babbar riga yana jera kujerun manyan baƙi. Bayan rantsuwa jesin ya zama rigar zuwa gona, shi kuma ya koma jiran na gaba.

Sai tsohon zamani, wanda burinsa a baya yake. So yake a koma kwanakin da Enyimba da Kano Pillars ke zuwa filin tunawa da Sardauna a Gusau. Labarin da ya fi so shi ne na ranar ƙarshe ta kakar 2009, da Zamfara United ta zura wa Kaduna United tara babu ko ɗaya ta tsira daga faɗuwa. A sauran ƙasar nan an daɗe ana ɗaga gira kan wannan sakamako, amma kada ka kuskura ka ɗaga taka a gabansa. "Yaro, ina wurin! Da idona nig ga ƙwallo ta bakwai." Da za a tara duk waɗanda suka ce suna wurin a ranar, daga Mafara kaɗai, da filin bai ɗauke su ba.

Kocin bakin layi ba ya buƙatar dogon bayani, muryarsa ta riga shi isowa. Dabararsa kalma biyu ce: "Buga gaba!" Burinsa a kori koci. In an kawo sabo ya ba shi minti ashirin.

Dillali kuwa ko sakamakon wasa bai dame shi ba. Shi yaro ɗaya yake kallo, mai lamba goma sha ɗaya, wanda yake kira "kayana". Yana ɗaukarsa bidiyo da waya mai fasasshen gilashi, yana cewa akwai wani Bature da ke jira, ta hannun wani mutum a Kaduna da ya san wani a Legas. Hujjarsa Ahmed Musa ne, wanda ya ci ƙwallo 18 a Pillars a kakar 2010 ya wuce VVV-Venlo ta Holan, daga nan Rasha, daga nan Ingila. Ya riga ya raba kuɗin cinikin: kaso na kulob, kaso na iyaye, nasa kason kuma ya zaɓi launin motar. Yaron dai yana da gudu, ba a musu. Shekarunsa goma sha bakwai, kuma a nan suka tsaya kaka huɗu ke nan. Ranar da aka ci Bakura, 'ya'yansa biyu ne suka fara rugowa cikin fili suna kiran Baba.

Akwai kuma mai aiki. Ba ya ihu, ba ya tafi. Da sassafe ake ganinsa yana zagaya turken raga, hannu a aljihu, baki na motsi. A ra'ayinsa kulob ba ya hawa da atisaye, sai an tsaya masa, kuma duk ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo hannun mutum ne. Yakan karɓi kuɗin baƙin zakara daga asusun kulob, wanda dama bai kai kuɗin zakaran ba. Matsalar da ya kasa warwarewa ita ce 'yan ɗaya garin ma wajen malaminsa suke zuwa. Shi ya sa, in ji shi, canjaras ya yi yawa a wannan yanki.

Na fi jin haushin ɗan gidan kallo, kuma ba zan ɓoye ba. Shi idan ya ce "mu", Arsenal yake nufi ko Barcelona. Ya san albashin kowane ɗan wasan Chelsea, ya san wanda ya ji rauni a cinya a Madrid, amma bai san sunan golan unguwarsu ba, alhali tare suke sallar Juma'a. Yana biyan kuɗin shiga ya zauna kan benci cikin hayaƙin janareta, amma a ce ya ba da rabin haka a bakin fili sai ya ce ai wasan 'yan dagaji ne. Ya yi alkawari dai: ranar da kulob ya hau firimiya, shi zai fara sayen jesi. Goyon bayansa kamar laimar aro ce, sai ruwa ya ɗauke take isowa.

Wanda ba a gayyata zaman shawara shi ne mai toka. Shi ke bi gidaje yana karɓar tokar murhu ya zana layin fili, shi ke ɗinke raga da igiyar buhu, shi ke roƙon mai shanyar shinkafa ya kwashe kafin ƙarfe huɗu. Rabin wasa a guje yake yinsa, yana korar awaki daga gidan gola, yana ɗaga wa ɗan acaɓa hannu kada ya ratsa ta tsakiya ana shirin bugun fenariti. Ka tambaye shi burinsa ga kulob, ba zai ce Masar ba. Katanga yake so, ko da ta kara ce, da ƙwallo ta biyu, don a daina tsayar da wasa duk lokacin da ta farkon ta faɗa gidan maƙwabta.

Mai haɗaka shi ne mai hangen nesa a cikinsu, kuma maganarsa akwai hankali. Ya ce gari ɗaya ba zai iya ba, a haɗa Mafara da Bakura da Maradun a yi kulob ɗaya mai ƙarfi, tun da ga El-Kanemi ta Maiduguri ta ɗauki kofin ƙalubale a 2024 tana tasowa daga rukuni na biyu. Kowa ya ce madalla, aka sa ranar taro. Sai aka zo kan suna. Na Mafara suka ce su ne kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ga kasuwar Talata, ga kwalejin Abdu Gusau, don haka sunansu ne gaba. Na Bakura suka ce su sunka fara ba da gwamna. Na Maradun suka ce to madatsar a ƙasar wa take? Wani dattijo ya ba da shawarar a kira shi Bakolori kowa ya huta, aka yi tafi, sannan aka shiga gardamar garin da za a riƙa buga wasan gida. Ana cikin haka ma'aji ya miƙe ya ce kafin a tashi kowa ya ajiye abin da ya sawwaƙa na rajista. Nan take wayoyi suka fara ƙara, mai lissafi ya tuna yana da jarrabawar da zai duba, ɗan gidan kallo kuma ya sanar da cewa saura minti biyar a take wasan Arsenal.