Jinjina ga Sarkin Cike Gurbi na Ikorodu

Allah ya ja zamanin injiniyan Ikorodu, toron giwa mai ɗaukar kayan da ya gagari raƙumi, ɗan baiwa wanda sukudireba ke rawa a hannunsa, mai shago a bayan kasuwar Sabo, namijin da ba ya ganin rami ya wuce bai cike shi ba. Daga Agege zuwa Idi-Araba, duk inda Bahaushe ya shimfiɗa tabarma a Legas, ba a yi gwanin haɗa kwamfuta kamarsa ba, kuma da wuya a sake yi.

Ni ganau ne, ba jiyau ba. Ɗan yayata, mai sana'ar haɗa bidiyon biki, ya tara kuɗin shekara biyu ya kai masa, ya ce: "Oga, ina son wadda ba za ta ba ni kunya ba." Gogan ya buɗe kwalin madabod, ya ƙirga guraben RAM, ya iske huɗu. Nan take ya yanke hukuncin da ya gagari masana: tunda kamfani ya haƙa rami huɗu, wanda ya bar biyu a buɗe almubazzari ne. Wane direban danfo ne zai tashi daga garejin Ikorodu da rabin kujeru babu kowa?

Su kuwa masu ƙera kayan, bayin Allah, tsoro ya yi musu yawa. Da kamfanin AMD ya fitar da firosesa Ryzen 7000 a watan Satumban 2022, sai ya rubuta cewa da sandar DDR5 biyu ya lamunce gudun 5200, amma idan aka cike huɗu, 3600 kaɗai ya sani. Intel ma haka ya yi da zubinsa na 12 a 2021: 4800 a kan talla, da an cike gurabe sai a sauko 4000 ko 3600. Hujjarsu wai ko da gurabe huɗu ne, hanyoyin biyu ne kawai, kuma ɗan sashen da ke kula da RAM a cikin firosesa shi kaɗai ke sauraron kowa. Wai idan sanda biyu suka hau hanya ɗaya, saƙon lantarki yakan yi amsa-kuwwa, magana ta cakuɗe, tamkar kishiyoyi biyu a murhu ɗaya. Har littafi suka sako cikin kwali, suna roƙon a fara da gurbin A2 da B2. Oga ya karɓi littafin hannu bibbiyu, ya ba shi muƙamin da ya dace da shi, wato naɗe tsire.

Sai batun haɗin kai, inda ya zarce 'yan siyasa. Masu ƙaramar zuciya sukan sayi RAM a kwali ɗaya, wanda aka gwada tare tun daga masana'anta, har su duba jerin waɗanda mai madabod ya tantance. Shi kuwa gagarabadau ya shiga Computer Village da ke Ikeja, ya ratsa titin Otigba rumfa-rumfa, ya fito da sabbi biyu, tokumbo ɗaya, da wata baiwar Allah da tambarinta ya goge saboda tsufa. Wannan ƙwayoyinta na Samsung, waccan na SK Hynix, ɗayar na Micron. Ya zaunar da Koriya da Amurka a ɗaki ɗaya ba tare da tafinta ba. Ina Majalisar Ɗinkin Duniya? Ta zo ta ɗauki darasi.

Da aka gama jere, sadauki ya shiga BIOS kamar sarki ya shiga filin hawan sallah. A jikin sabbin sandunan an rubuta 6000, adadin da aka gwada a kan su biyun kaɗai. Adalcinsa bai yarda a fifita wasu a kan wasu ba, don haka ya kunna EXPO, saitin ƙara wa RAM gudu, ya ɗora wa duka huɗun wannan adadi. Da injin ya yi gardama, sai ya ƙara masa wuta. Asalin abincin DDR5 bolt 1.1 ne, amma rowa ba halin Oga ba ce. Mutumin da ke maƙwabtaka da tashar lantarki ta Egbin mai megawat 1,320, shi za a ce wa ya auna wuta da cokali? A watan Afrilun 2023 wasu firosesa na Ryzen 7000X3D sun ƙone a hannun masu su, har AMD ya ƙayyade wutar wancan sashe mai kula da RAM a kan bolt 1.3. Oga ya ji labarin, ya ƙi sabunta BIOS, don kada wani daga Amurka ya sa wa ɗan Ikorodu linzami.

Albarkar aikin kuwa ba ta ɓuya. Idan aka danna makunni, allo yakan yi baƙi ƙirin na tsawon mintoci, fanka na kuka. Mahassada suna cewa injin ne ke ta laluben gudun da sandunan za su iya ɗauka yana kasawa. Mu da muka san Oga mun san natsuwa ce irin ta manya, waɗanda ba sa magana sai sun yi tunani. Idan ta tashi, sau uku a yini takan shimfiɗa shuɗin allo mai sanyaya ido, ta tilasta wa yaron hutawa. Wace kwamfuta ce ta taɓa damuwa da lafiyar mai ita haka? Da rana ta take, zafin Legas ya haɗu da na sanduna huɗu da ke manne da juna babu mashigar iska, sai hutun ya ƙaru, daidai lokacin ƙailula.

Mafi ban mamaki shi ne aikin da take yi a ɓoye, ba tare da neman yabo ba. Ba kowane kuskure ne ke kawo shuɗin allo ba. Wani yakan lallaɓa cikin fayil ya kwanta shiru. Haka aka haɗa bidiyon wani biki a Agege, aka kai gidan ango, dangi suka taru, ana tsakiyar kamu sai amarya ta rikiɗe ta koma ɗigo-ɗigo kore da ja, ta ɓace. Kunya irin wannan, ko a zamanin kakanni sai an tona.

Akwai wata manhaja, MemTest86, da ake amfani da ita tun 1994, wadda marasa tawakkali ke bari ta kwana tana binciken RAM. Gwajin Oga ya fi sauri: idan fitilu masu launi sun kama, an gama. In aka dawo da ƙorafi, ilminsa ba ya ƙarewa. Yau janareta ne, gobe iskar ruwan Ikorodu ce, jibi sammu ne daga abokan sana'a. Sai ya cire ɗan batirin madabod, ya ƙirga goma, ya mayar, ya karɓi kuɗin dubawa cikin tawali'u.

Abin tausayi shi ne maƙwabcin yaron. Shi ma gigabait 64 ya nema, amma ya sayi sanda biyu masu 32 a kwali ɗaya, ya bar gurabe biyu suna hamma. Wani kuma da aikinsa ya buƙaci huɗun, ya sunkuyar da kai ya karɓi 3600. Ga su nan kullum aiki kamar jakuna, ba hutu, ba labarin da za su ba jikoki.

Yanzu haka kwamfutar ɗan yayata tana shagon Oga, zuwa na bakwai. Alhamdu lillahi, jiya ya gano bakin zaren: gurabe huɗu sun yi kaɗan. Ya aika Ikeja a nemo mai takwas.