Shaidar da Na Saya da Kuɗina

A Ɗan Barto in ka yi karo da wani a hanya, kafin ka buɗe ƙofar mota shaidu sun cika wurin, kuma duk cikinsu babu wanda ya ga komai. Mai shayi ƙanin matar wanda kuka yi karon ne, mai faci ɗan wansa ne, mai canjin sefa da naira kuwa tare suka yi makarantar allo. Garin kan iyaka ne, dangi rabi a nan, rabi a Kwangwalam da Mai'adua, in shaidu sun yi ƙaranci sai a ɗauko ƙari daga Najeriya a kan babur. Ni da nake jigilar fasinja da kaya tsakanin Matamaye da iyaka da wata tsohuwar Toyota, na sha biyan kuɗin laifin da ba nawa ba.

Ɗan ƙanwata, ɗalibi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, shi ya jefa ni cikin wannan lamari. Ya nuna mini a wayarsa wani dutse da ya faɗo daga sama ya fashe a kan birnin Celyabinsk na Rasha ranar 15 ga Fabrairun 2013, ya jikkata mutane sama da 1,000, akasarinsu da fasassun gilasai. Na ce wa ya tsaya ɗaukar hoto a irin wannan tashin hankali? Ya ce, "Kawu, ba kowa. Kyamarorin gaban mota ne. Direbobin Rasha suna liƙa su saboda 'yan damfara masu faɗa wa mota da gangan su nemi diyya." Na ce ashe su ma suna da Ɗan Bartonsu.

Wani direba mai zuwa Kano na ba saƙon ya sayo mini irin wannan kyamara. Daga kasuwar waya ta Farm Centre ya bugo mini, ya ce iri biyu ne: akwai mai batir a ciki, akwai mai tsada wadda aka yi don ƙasashen zafi, ba ta da batirin da zai kumbura. Na tambayi bambancin kuɗin, da na ji sai na ce ai zafin Damagaram ba baƙona ba ne, a kawo mai araha. Ya ƙara da cewa tana da ido biyu. Na ce madalla, ido biyu ya fi ɗaya, ban tambayi ina na biyun yake kallo ba.

Liƙa ta ma yaƙi ne. Robar da ke kama gilashi da iska take aiki, to a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, sai robar ta saki. Muna cikin tafiya sai kyamara ta faɗo a cinyar fasinjan gaba. Wata Hajiya mai kai tabarmi kasuwa ta yi salati ta watsar da ita, wai ta ɗauka ƙadangare ne. Mai faci ne ya raba gardama, ya manna ta da gam ɗin taya, har yau ko da guduma ba ta fita. Wayar wutarta kuwa a ramin kunna sigari ake soka ta, ramin da duk fasinja yake ganin gadonsa ne wajen cajin waya. Ga rubutun cikinta da Sinanci da Turancin Ingila, ni kuwa ɗan Faransancin lakwal gare ni. Na yi ta danne-danne har ta daina ƙara, na ce ta saitu.

Ga yadda abin yake aiki, kamar yadda yaron ya koya mini daga baya. Tana ɗauka gutsure-gutsure na 'yan mintuna, in katin ya cika sai ta goge mafi tsufa ta rubuta sabo a kai. Amma akwai wani ɗan abu a cikinta mai jin girgiza: da mota ta bugu, sai ya kulle wannan gutsuren kada a goge shi, don a zatonsa hatsari ne. Wanda ya ƙera shi bai taɓa bin hanyar burji ta ƙauyukanmu da damina ba. Kowane rami hatsari ne a wurinta. Da yaron ya zo hutu ya buɗe katin, sai ya tarar ya cika maƙil da hatsarurruka, duk na ramuka, babu wurin sabon ɗauka. Ya share, ya rage mata jin girgizar, ya gyara kwanan wata da ke nuna shekarar da ko motar ban saya ba. Na fita ina taƙama. A shingen hanya wani mai kaki ya leƙo ya ce mene ne wannan yake kallonsa, na rufe ta da hulata, muka rabu lafiya.

Wata Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua, na ratsa wani ƙauye don ɗauko buhunan gyaɗa, aminina yana gefena, sai wani rago ya faɗo hanya. Ji kake tim. Kafin ƙura ta lafa, mai ragon ya zo da shaidu har da makaho. Ragon da ban ga ƙiba a jikinsa ba, a bakinsu ya zama na layyar attajiri. Na yi murmushi na ce mu je gaban mai gari, yau ni ma da shaidata.

Aka shimfiɗa tabarmi, dattawa suka zauna. Na sa aka ɗauko ɗan ƙanwata da kwamfutarsa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ta da dangi a garin nan, ba ta cin goro, abin da ta gani shi za ta faɗa." Mai gari ya ce a kunna.

Hoto ya fito garau, an raba allon biyu. A ɗaya ɓangaren ga hanya. A ɗayan ga ni, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da raken Matamaye, na karkata kai ina ɓare shi da haƙori, idona gaba ɗaya a kan aminina. Sai kuma murya, domin ashe tana da kunne. Muryata ce, tas, ina cewa ai mai garin ƙauyen nan shari'arsa ta mai kawo zabi ce, in ka je da kaza ka sha ƙasa. Aminina yana ƙyaƙyata dariya yana ƙarawa da zancen rawanin, wai aro ne. Ragon kuwa ya fi ƙarfin daƙiƙa 5 yana tsaye tsakiyar hanya yana jirana.

Yaron ya kai hannu zai kashe. Mai gari ya ɗaga sandarsa ya ce, "Bar ta, ɗan samari. Mayar da ita baya kaɗan, wajen zabin nan, ban ji da kyau ba." Aka mayar. Ya ce a sake. Wani dattijo ya nemi a ƙara murya saboda kunnensa. Na waiwaya neman aminina, sai takalminsa ɗaya na gani a bakin tabarma.

Na biya rago a farashin shaidu, na haɗa da ƙwaryar goro. Da zan tashi mai gari ya kira ni, ya ce shi bai riƙe ni da komai ba, sai dai in Allah ya kai mu Juma'a zai je Matamaye, kuma a motata yake so, a kujerar gaba, inda kyamarar take gani sosai. Ya ce in zo da zabin tun da na san farashi.