Kwamfuta Ba Boka Ba Ce, Ranku Ya Daɗe

Dattawan majalisar Kunduru, saƙonku ya iso. Wai kwamfutar da ba ta taɓa shaƙar ƙurar hunturu ba, ina ta san huhun Bakatsine? Allah ya ja zamaninku, shi ma likitan ai ba shiga ƙirjin yake yi da tocila ba. Hoto yake kallo, tun da Bajamushen nan Röntgen ya gano hasken X-ray a 1895.

Abin da kuke yi wa dariyar nan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2021: manhaja ta duba hoton ƙirjin ɗan shekara 15 zuwa sama don zaƙulo masu tarin tibi. Akwai CAD4TB ta mutanen Holan, akwai qXR ta Indiya. Ƙungiyar KNCV ma ta ɗora ta farkon a mota ta shiga unguwannin Kano da ita. Maki take bayarwa, daga sifili zuwa 100. In ya hau, a miƙo maka 'yar roba ka tofa kaki, na'urar GeneXpert ta yanke hukunci cikin kamar awa biyu. Magani wata shida, kyauta. Na san kalmar nan ta ƙarshe ce kaɗai ta shiga kunnen wasunku.

Baba mai carbi ya ce to a sallami likitoci mana, tunda ƙarfe ya iya. A'a, Baba, zauna. Hoto bai san labari ba. Tabon tarin da ka warke tun zamanin Shagari yana iya ɗaga makin, sai ka buɗe baki za a gane tsohon zance ne. Ku kuwa kunya gare ku. Mutum na tari tun kaka, yana jiƙa riga da gumin dare, wando har ya fara zamewa, ya shanye rabin kantin ɗan kemis, amma likita na tambaya sai ya ce, "Shekaranjiya ne, sanyi ne kawai." Wani ma shiru zai yi da gangan, wai in gwani ne ya gano da kansa, kamar ya je wurin boka.

Ranar gaggawa abin ya fi ciwo. A ce ɗan acaɓa ya faɗi a titin Kano zuwa Katsina, an kwaso shi cikin dare zuwa Babban Asibitin Kankiya. Ƙwararrun karanta hoto galibi suna manyan asibitocin Katsina da Kano. Takardar neman hoton da aka rubuta "ya bugu a dama, numfashi sama-sama" ita ke sa mai dubawa ya bi haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ya nemi iskar da ta taru ta matse huhu. Wadda aka rubuta "hoton ƙirji" kawai, lalube ta bar shi. Wannan taku ce, 'yan makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya: biro ba ya cizo. Inda aka kafa manhajar, takan ɗaga hoto mai haɗari zuwa gaban layi. In kuwa iskar ta kai ga shaƙe mutum, likitan kirki ba ya jiran hoto ma, allura yake sokawa ta fita.

Maganar rashin wuta da sabis da kuka tayar, wannan kam na sallama muku, kun ci. Sai dai Baba, tun da muka fara gardamar nan kake tari, kuma ba goro ne ya sarƙe ka ba. Wata nawa ke nan? Kada ka ce shekaranjiya, Hajiya na jinmu.